Gangar da Kakana Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma kakana na wajen uwa ya riga mu komawa. Ya rasu a ƙarshen bazarar bana, saura kwanaki kaɗan ruwan shuka ya sauka, a ƙauyenmu na ƙasar Dogarawa, a kan tabarmar da ya saba kishingiɗa bayan azahar. Makaɗin noma ne. Na faɗi wannan tun da farko kuma da babbar murya, don a wajen zaman makoki na ji wasu suna ta kewaye kalmar kamar masu kewaye taɓo, suna cewa "tsohon manomi", suna cewa "dattijon gari". Manomi ne, dattijo ne, ban musa ba. Amma abin da ya cika ƙofar gidanmu da mutane har kwana uku ganga ce.

Tsofaffi sun zo daga ƙauyukan Illela, wasu a amalanke, wasu a bayan babur suna riƙe da hula kada iska ta ɗauke. Wata Bafillatana mai sayar da nono ta dire ƙwarya cike a gaban mahaifiyata, ta ce tun tana budurwa daga rugarsu take gane gonar da ake gayya, don ko ba ta ji da kunne ba tana ji a cikinta. Wani tsoho mai doro, wanda ban taɓa gani ba, ya zauna a bakin zaure yana kuka kamar ubansa ne ya mutu, aka yi ta ba shi haƙuri ya ƙi. Kuma kowanne, da ya gama addu'a ya shafa, sai ya waiwayo yana nemana.

"Ke ta ta gidan radiyo? To alhamdu lillahi. Ai kin ɗauke shi."

Ni ce ta gidan radiyon. Ina aiki a wani ƙaramin gidan radiyo a Konni, ba a gaban mikro ba, a bayan na'urori, ni ke daidaita sauti. Kowa ya san bara na kai kakana can na ɗauki kiɗansa. Kuma faifan nan shi kaɗai ne a duniya, don lokacin da wayoyi suka cika hannun mutane gayya ta riga ta yi ƙaranci, shi kuma duk wanda ya ɗaga masa waya a fuska korarsa yake yi. Faifai ɗaya, yana hannuna, kuma mai gangar ya hana a sa shi.

Ranar sadakar uku babban kawuna ya sa aka kira ni. Ma'aikacin buro ne, wato ofis, a Malbaza, mutum mai farar riga da alƙalami a aljihu. Mahaifiyata tana zaune a gefe.

"Na yi magana da daraktanku," in ji shi. "Ran arba'in za a sa faifan Baba, duk ƙasar ga ta ji."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba za a sa ba."

"Mi kinka ce?"

"Shi da bakinai ya hana. Ya ce gangar da ke ciki ba tashi ba ta."

Ya yi wata ƴar dariya, irin ta manyan buro. "Ke ma dai. Baba kurma na sa'adda kinka ɗauke shi, mi ya ji? Daraktanku ya ce na'ura ta nuna sautin ya hita sarai. Tsuhwa na kawai."

Mahaifiyata ta ce, "Ɗiyar ga, ubana na hwa. Shi ke nan abin da ya rage muna."

Na tashi na fita, don ba a ja-in-ja da kawu a gidan makoki. Amma kalmar nan ta "kurma" ta tsaya mini a rai, kuma ita ta sa nake wannan rubutu. Ina so wanda bai san kakana ba ya san shi, sannan ya yanke hukunci ko wane ne kurma a cikinmu.

Gaskiya ne kunnensa ya yi nauyi. Na dama ya tafi tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, na hagu kuma sai an ɗaga murya. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, kuma mun riƙe shi da gaske. Yana kirana uwargida, yana ƙorafin ban iya daka ba, zai sake ni ya auro mai hankali. Ni kuma da na shigo gida nake cewa, "Ina tsohon kurman nan?" Sai ya amsa daga ƙarƙashin itacen bedi, "Kurman ga dai shi na mijinki." In ce Allah ya kiyaye, a yi dariya. Shekara da shekaru haka muke, ko sau ɗaya kalmar ba ta taɓa yi masa zafi ba.

Da wannan kunnen yake gyara ganga, kuma babu wanda ya kai shi. Zai jingina ta da cikinsa, ya danna fatar da babban yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ja igiyar gefe, ya sake dannawa. Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. In ka tambaye shi abin da yake saurare sai ya ce ba saurare yake ba. "Ba kunne ka noma ba," haka yake cewa, "ƙirji ka noma." Sauti mai kauri iri biyu ne a wurinsa. Akwai gurnani, wanda yake cika wuri kamar hadarin da ba zai ba da ruwa ba. Akwai duka, wanda yake samunka a haƙarƙari, ƙafarka ta ɗaga kafin ka yi shawara da ita. Duk ganga tana gurnani, har durom ɗin ruwa yana yi. Duka shi ne sana'a.

Kuma ba a samun duka sai ganga ta sha zafi. Fatar akuya ce, da ta ji laima take saki. Da rani yana shanya ta a rana, da damina yana hura wutar kara a bakin gona ya zauna yana jujjuya ta kamar mai gasa masara. Ko gari zai tashi ba ya bugawa sai yatsansa ya ce ta yi.

Ina da shekara goma ko kusa da haka, na kai fura wata gayya da wani mai hali ya kira. An yanka rago, maza sun jeru da hauyoyi, ga shi an kwana ana ruwa. Kakana yana tsugune gaban wutarsa. Mai gonar ya zo sau ɗaya, ya zo sau biyu, na uku ya zo yana kumfar baki, wai rana tana yi, wai ba biki ya kira ba.

Kakana bai ko ɗaga kai ba. "Ka bari ta sha wuta, ko ka kira wani."

Ya kuwa kira wani, wani saurayin makaɗi da ya zo kallo da tasa gangar. Yaron ya rataya ya hau bugu, ƙara ta cika gona, har tsuntsaye suka tashi. Maza suka fara noma, amma noma irin na wanda aka aika, ana yi ana hira, wani ma ya tsaya yana gyara wando. Can kakana ya danna fatar, ya miƙe, ya rataya, ya saki gula, sandar kiɗan, sau ɗaya. Wallahi ƙwaryar da ke kaina sai da na dafe ta. Hirar ta yanke, kawuna suka duƙa a tare, ƙasa ta fara tashi. Saurayin da kansa ya sauke gangarsa ya koma gefe yana kallo. Kafin azahar an share gonar, mai gonar ya rasa inda zai sa fuskarsa, kakana kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Mutum ne mai taurin kai, ba zan wanke shi ba. In ya ce a'a, ko limami ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Lokacin da babban kawuna ya sami aikin buro, ya zo ya roƙe shi ya rataye gangar, wai abokan aiki suna ce masa ɗan maroƙi. Kakana ya ce, "Gangar ga ita ta kai ka lakwal. In kunya taka ba ka, ka maido mata karatunta." Shekara biyu ba su yi wata doguwar magana ba. Shi ya sa da na ga kawun yau shi ne a gaba wajen son duk ƙasa ta ji gangar, na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Amma akwai abin da yake yi a gona wanda sauran makaɗa ba sa yi. Su suna bin gwani, wanda ya tsere wa kowa, don can kyauta take. Shi kuwa idonsa yana baya. Tsohon nan mai doro da ya yi ta kuka, da na kai masa ruwa ya ba ni labarinsa. Wata shekara ya tashi daga doguwar jinya, ga shi yana neman aure a garin da ake gayyar, iyayen yarinyar suna kallo. Kowa ya kai tsakiyar kuyya, wato kunyar noma, shi yana baya yana haki, yara sun fara dariya. Sai ya ji ganga a bayansa. Kakana ya bar gwanaye ya dawo, ya rage sauri ya daidaita bugunsa da saran hauyar mai hakin, yana kiran sunan ubansa da na kakansa, har sauran maza dole suka sassauta don ganga ta sassauta. Tare suka fita kuyyar da kowa. "Matar nan tana gida yanzu," in ji tsohon, "jikokinmu sun hi goma. Wa zai hwaɗa mini kada in yi kuka?"

To, yanzu ga abin da ya faru tsakanina da shi.

Bara gidan radiyonmu ya sami sababbin kayan aiki, a ciki har da kas, wato lasifikar nan da ake kifawa a kunnuwa biyu. Ba irin na kasuwa ba ne, na manyan ɗakunan ɗaukar sauti ne, mai laushi kamar a yi matashi da shi. Ya zo da takarda mai zanen layi, shaidar cewa an auna shi, daga siririn sauti har mafi kauri babu wanda yake ɓoyewa ko ya ƙara wa gishiri. Na ɗauki son duniya na ɗora wa abin nan. Da na je gida na yi ta ba kakana labarinsa, na ce lokaci ya yi da za a adana gangarsa yadda take.

Ya ce, "Wa ya auna shi?"

Na ce masu ƙera shi.

"Da mi?"

Na yi masa bayani yadda aka koya mana, cewa akwai kan mutum na roba mai kunnuwa, da mikro a cikin kowane kunne, a kansa ake kifa kas ɗin a auna.

"Kai kaɗai? Babu ƙirji ƙarƙashinai?"

Na ce babu.

Ya yi dariya har da tari. "Uwargida, an cuce ku." Amma ya yarda zai zo, don ni ce na roƙa.

Ya zo Konni a tsakiyar bazara, cikin taksin daji, gangar a kan cinyarsa duk hanya don bai yarda a ɗaure ta a sama ba. Zafi ranar ba a magana. Ɗakin ɗaukar sautinmu yana da na'urar sanyi irin mai ruwa, wadda ake cika wa ciki tana huro iska mai laima. Na karɓi gangar da hannu biyu, na kai ta ciki na ajiye daidai gaban na'urar. Wai ni girmama ta nake, kada zafi ya dame ta. Ni da na tashi ina ganin ana gasa ta. Shi yana waje yana gaisawa da mutane, ana ta gabatar da shirye-shiryen rana a ɗakin, sai da ta yi kusan awa biyu tana shan wannan iska kafin ɗaki ya zama namu.

Da ya shigo ya danna fatar, fuskarsa ta canza.

"Ta sha sanyi. Bari in kai ta rana."

"Kaka, babu lokaci. Yanzu za a shigo karanta sanarwa."

"Ba ta daɗewa, ranar ga da zahi."

"Don Allah ka buga hakanan. Na'ura za ta gyara sauran."

Mutumin da ya bar mai rago yana kumfar baki a gona, ya rataya ganga mai sanyi ya buga, don jikarsa ta ce don Allah. A iya sanina bai taɓa yi wa wani haka ba.

Ni kuwa ina gaban kwamfuta baki har kunne. Wajen sauti mai kauri zanen ya tashi kamar tudu, ban taɓa ganin ganga ta ba da kauri irin wannan ba. Darakta da abokan aikina biyu suna tsaye a bayana suna jinjina kai. Da ya gama na kifa masa kas ɗin da kaina, na ƙara murya saboda kunnensa. Ya saurara har ƙarshe, ido a rufe. Sannan ya cire shi da hannu biyu ya ajiye a hankali.

"Wagga ba gangata ba ta."

Na juyo masa da fuskar kwamfutar, ina nuna masa tudun da yatsa, ina cewa ga kaurin nan, duba, babu abin da ya ɓace.

"Na ga tudu. Gurnani na. Babu duka ciki ko ɗaya. Wa zai duƙa ma wanga?"

Ɗaya daga abokan aikina ya yi ƴar dariya. Ban san ko ni yake wa ko shi ba, amma kunya ta rufe ni, zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Na'ura ba ta ƙarya, Kaka. Kunnenka na ya mutu. Kurma mi ya sani ga sauti?"

Na faɗa, na tsaya ina jiran ya ce kurman ga dai shi na mijinki, a yi dariya a wuce. Bai ce ba.

"Wanga kam na ji shi," in ji shi. "Yau ba wasa kinka yi ba." Ya rataya gangarsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Kada kowa ya ji abin ga da sunana, ko ina da rai ko na mutu. Yaran da ba su san ni ba za su ce, ashe wagga ta gangar da aka cika mu da labarinta."

Ya tafi tasha shi kaɗai, ya ƙi a raka shi. Sai daga baya na lura ban kashe mikro ba, duk maganar nan ta shiga ƙarshen faifan.

Damina ta zo ta wuce ban taka ƙauye ba. Fushi nake, wai an kunyata ni a gaban darakta. A wannan daminar ya buga gayyarsa ta ƙarshe, a gonar wata gwauruwa, kuma waɗanda suka je sun ce kamar yana da shekara arba'in. Ina Konni ina riƙe da kas ɗina da takardarsa. Wannan ita ce asarar da ba zan daina jin zafinta ba, kuma babu wanda ya jawo mini ita sai ni.

Bayan girbi abin ya ƙi barina. Na roƙi ƙaramin kawuna, wanda shi ya gaji kiɗan, ya kawo tasa gangar gidan radiyo. Na ɗauke shi sau biyu, sau ɗaya bayan ta zauna gaban na'urar sanyi, sau ɗaya bayan ta sha rana. A zanen da na saba dubawa, mai nuna yawan kauri, mai sanyin ce ta yi nasara, don fatar da ta saki ta fi yin ƙasa da murya. Sai na buɗe wani zanen, mai nuna yadda kowane bugu yake tashi da yadda yake mutuwa. Nan na ga abin. Bugun mai zafi yana miƙewa tsaye kamar turke, ya yanke. Na mai sanyi yana tashi a kasalance ya baje, kafin ya mutu wani ya hau kansa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ta amsa abin da na tambaye ta ne, ni ce ban iya tambaya ba. Kuma ko mai zafin, da na saurare ta a kas, kunnena ya ji daɗi amma haƙarƙarina bai san an yi ba.

Na shiga mota da murnata, kamar mai kai albishir. Na same shi ƙarƙashin bedi yana gyaran igiya.

"Kaka, na sake aunawa. Na'ura ta nuna kai ad da gaskiya."

Bai daina abin da yake yi ba. "Ashe. To da ba ta nuna ba hwa? Sai in mutu maƙaryaci?"

Duk hanya ina shirya bayanin zane, ban shirya wannan ba. Shekara sittin yana sa maza duƙawa, ni da idona na gani, amma sai da ƙarfe ya tsaya masa shaida na yarda. Na durƙusa a cikin ƙasa da tufafin aikina na ce ya yafe mini, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya bar ni na yi mai isata, don shi ba mai gaggawar lallashi ba ne.

Can ya ce, "Tashi, uwargida, kina ɓata zane. Kurman ga dai shi na mijinki."

Ya sa aka fito da gangar aka shanya. Muka zauna muna jira, yana ba ni labarin wata akuya da ta addabe shi, har yatsansa ya ce ta yi. Ya ce in cire takalmi in ja baya taki goma. Ya saki gula sau ɗaya tak. Ta same ni a nan, ƙarƙashin nono, har na ja numfashi ban shirya ba, kaji suka watse, wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga.

"Kin ji?"

Na ce na ji.

"Noman hwarko ki taho gona da kayanki. Ki ɗauki abin da kinka iya ɗauka. Sauran ki tsaya ki sha da ƙirjinki."

Ban ɗauke shi a ranar ba, ko da waya, don na ga za mu yi a gona yadda ya kamata. Ruwan bai jira mu ba, ko in ce shi bai jira ruwan ba.

Wannan shi ne mutumin da ake so in sa wa ganga mai sanyi a radiyo da sunansa. Na ce ba zan yi ba, kuma ban yi ba. Kwana biyu kafin arba'in na zauna gaban kwamfuta na goge kiɗan gaba ɗaya, daga bugun farko har na ƙarshe, na goge har kwafin da na ajiye. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don ko mai sanyi ce hannunsa ne ya buga ta. Na bar ƙarshen faifan kawai. Na gaya wa darakta abin da na yi, ya ce zai iya korata a kan haka, na ce na sani. Sai ya ce tunda an riga an yi sanarwar shirin, in cika shi da abin da na ga dama, abin da ya biyo baya kuma in ɗauka ni kaɗai.

Ran arba'in, bayan la'asar, na zauna gaban mikro karo na farko a rayuwata. Na faɗi ko wane ne shi. Na faɗi yadda na ajiye gangarsa gaban iska mai laima. Sannan na saki ƙarshen faifan, ban yanke ko kalma ɗaya ba. Duk ƙasar Konni ta ji muryarsa yana cewa wagga ba gangata ba ta. Ta ji muryata ina ce wa kakana kurma. Ta ji shi yana hanawa.

Na sha abin da na sha. Babban kawuna har yau in na gaishe shi da "lahiya" ɗaya yake sallamata. A kasuwa na ji wata tana nuna ni, wai ga wadda ta zagi kakanta a radiyo. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin abin da na faɗa masa ba sai ranar, ta yi kwana uku ba ta dube ni ba. A na huɗu ta shigo ɗakina ta ce, "Sa mini muryar Baba." Na sa. Ta ce in sake. Da aka zo wurin zagin ta ce, "Mara kunya," ta share ido, ta ce in sake.

Tsohon nan mai doro ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba. Ya ce a gaya wa ɗiyar radiyo ta kyauta, gara jikokinsa su yi ta jin labari a bakinsa da su ji abin da zai sa su raina mai gangar.

Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, tsofaffin suka kira gayya a gonar marigayin. Na je da kayana kamar yadda ya ce. An yi ruwa da asuba, ƙaramin kawuna ya tsuguna gaban wutar kara da gangar ubansa, samari suna ta ƙorafin rana tana yi. Babu wanda ya tanka musu, shi ma bai ɗaga kai ba. Na kafa mikro, na rataye kas ɗin a wuya, na cire takalmi. Da ya saki gula kawuna suka duƙa. Ya iya, Allah ya sani ya iya, kuma na ɗauke shi da kyau. Amma ba hannun ba ne, duk wanda ya haura hamsin a gonar nan ya san ba shi ba ne.

Har yanzu ana zuwa gidan radiyo ana tambayata ko da saura, ko na ɓoye wani a wani wuri. Babu. Masu cewa na yi ɓarna su yi ta faɗa, na ji, kunnena lafiya lau. Shi ya san abin da ya buga, ya ce ba nasa ba ne, kuma maganarsa ta ishe ni ba sai an auna ta ba.

Allah ya jiƙan tsohon mijina, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya tsaya a bayansa ranar da kowa ke haki kamar yadda ya tsaya a bayan masu rauni. Wanda kuwa yake son jin gangar kakana, ya yi haƙuri, ya makara. Ni ma da ke riƙe da mikro na makara.